KU TAMBAYI ANTI: Ranar biki guda ce, ya za a raba awanninta?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wasiƙun da suka taru min a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda za a tsara lokaci ranar biki, kamar dai kun haɗa baki. Na zaɓi guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba, na kuma rage tsawon wasu dan wallahi akwai wacce ta rubuto min tarihin soyayyarsu tun daga ranar da suka haɗu kafin ta zo kan tambayar.

TAMBAYA TA 1

Anti barka da aiki. Dan Allah ki taimaka min kaina ya kulle, bikina saura sati biyar, ɗaurin aure ƙarfe 10 na safe sai liyafa ƙarfe 5 na yamma a wani hol can nesa da gida. Na zauna na rubuta tsarin ranar tun daga 6 na safe har dare amma duk wanda na nuna ma sai yace bazai yiwu ba, ni kuma a ganina awa bakwai ne fa tsakani, me zai cinye awa bakwai? Ga ƙawaye shida da za a ma kwalliya tare dani, mai kwalliyar ɗaya ce.
Daga wata amarya

Ƙanwata Allah ya sanya alheri, ya kai mu lafiya. Abu na farko, ki juya takardar nan taki ki fara daga ƙasa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya fara lissafi daga tashi barci yana gangarowa, a haka komai sai ya zama kamar akwai wuri. Ki nemo abubuwan da ba sa motsi a ranar, waɗanda ko kuka kika yi ba za su jira ki ba: lokacin ɗaurin aure, lokacin da masu hol za su buɗe miki da lokacin da za su kashe wuta su ce a fita, sai faɗuwar rana. Daga jikinsu za ki riƙa ƙirgowa baya.

Bari mu gwada da naki. Kina so ki shiga hol ƙarfe 5. Mu ce taswirar waya ta nuna miki tafiyar minti 25 ce, toh ki rubuta 45, dan motar biki ba ta gudu kuma ba ita kaɗai ke tafiya ba. Af, Google Maps yana da wurin da za ki sa rana da lokacin da kike son isa ya ƙiyasta miki cunkoson wannan lokacin, kar ki duba da tsakar dare hanya fayau ki ce kin auna. Daga ɗaki zuwa cikin mota kuma, wannan da kike gani kamar taku goma ne, ki ba shi minti 15, saboda a nan ne za a ce ina jakar, ina wayar amarya, wance ta shiga banɗaki, ga gwaggo tana son yi miki addu'a kuma ba ki isa ki ce ta taƙaita ba. Kinga ƙarfe 4 ya kamata a ce kin miƙe. Hoton cikin ɗaki minti 30, ya zama 3:30 kin gama shiri tsaf. Sa kaya da sarƙa da takalmi da gyaran abin da ya goce minti 30, mun dawo ƙarfe 3. Kwalliyarki da gyaran kai awa biyu, ƙarfe 1 kenan kina zaune gaban mai kwalliya. Kafin nan sai kin yi wanka kin ci abinci kin ɗan miƙe ƙafa, awa ɗaya, 12. Ɗaurin auren da aka fara 10 kuwa, da gaishe-gaishe da waya tana ta ringin ana miki murna, ba za ki samu kanki ba sai wajen 11:30. Toh ina awa bakwai ɗin? Minti 30 ne rak ya rage miki, kuma shi ne za ki riƙe da hannu biyu kar ki sa komai a ciki, ko da kuwa wata ta ce ai ga fili nan a ɗan yi kaza.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, ƙawayen nan shida. In kowacce za ta ci minti 40, shida sau 40 minti 240 ne, awa huɗu cur. Haɗa da naki biyu, awa shida a hannun mace ɗaya da ita ma mutum ce za ta gaji ta ci abinci. In za a gama 3:30 sai ta fara tun 9:30 ba hutu. Ko dai ta zo da mataimakiya ko biyu, ko ƙawayen su nemi tasu daban, babu hanya ta uku. Kuma kar ki yarda a bar ki ƙarshe wai dan kwalliyarki ta zama sabuwa, duk lattin da aka tara tun safe a kanki zai sauka, a yi miki a tsakiya in ya so a ɗan sake taɓa fuskar dab da fita. Masu manyan ayyuka sun daɗe da gane wannan, tun ƙarshen shekarun 1950 injiniyoyin kamfanin DuPont a Amurka suka fito da tsarin duba jerin ayyukan da dole sai an gama ɗaya a shiga ɗaya, jerin da ya fi tsawo shi ke yanke ranar gama aikin gaba ɗaya, sauran ko an yi su da wuri ba su rage komai. A bikinki kujerar mai kwalliya ce wannan jerin. Masu ado su gama hol tun asuba in sun ga dama, in kujerar nan ta makara kowa ya makara.

Kuma kar ki ji haushin kanki dan kin ƙiyasta ba daidai ba, halin ɗan Adam ne. Wasu masana halayyar mutane biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi rubutu a kai tun 1979, cewa mutum in zai ƙiyasta lokacin da aikinsa zai ci sai ya hango ranar da komai ya tafi sumul, ya manta da duk lokutan baya da abin bai tafi haka ba. A 1994 an gwada da ɗaliban jami'a a Kanada, aka ce su faɗi kwana nawa za su gama rubutun kammala karatunsu, a matsakaici suka ce wajen kwana 34, sai da suka ci kwana 55. Maganin da masanan suka bayar mai sauƙi ne, ki daina tambayar kanki, ki tambayi waɗanda suka riga ki. Kira amare uku da wannan mai kwalliyar ta yi ma aiki, kar ki ce musu tana da kyau, ce musu ƙarfe nawa ta ce za ta zo, ƙarfe nawa ta zo, ƙarfe nawa ta gama. Amsar da suka ba ki ita za ki rubuta a takarda, ba wadda ta faɗa miki da bakinta ba lokacin tana neman aikin.

TAMBAYA TA 2

Anti ni ango ne. Abokaina sunce in rubuta ƙarfe 2 a kati alhali ƙarfe 4 muke nufin farawa, wai in ba haka ba mutane bazasu zo da wuri ba. Ni dai raina bai kwanta ba amma sunce kowa haka yake yi. Meye shawararki?
Daga wani ango

Ɗana ranka da bai kwanta ba ya fi abokanka gaskiya. Ka duba wa wannan dabarar take hukuntawa. Wanda zai zo ƙarfe 2 daidai ai shi ne mai mutunta ka, dattijon da ya bar hutunsa, malaminka na makaranta, abokin aikin da ya nemi izini, mai jego da jariri a hannu. Su za ka shanya awa biyu suna kallon masu jera kujeru, dan ka lallaɓa waɗanda ko 12 ka rubuta sai sun ga dama za su zo. Kuma gobe in an gayyaci dattijon nan wani bikin shi ma ya koyi darasi, sai ya ƙara awa biyu a kan abin da ya gani a kati, haka abin ke ta gaba har lokacin kati ya zama ado kawai.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne a rubuta lokaci biyu kuma duka na gaskiya: za a buɗe ƙofa 3:30, za a fara 4:00. Sannan a fara ɗin, ko mutum talatin ne a zaune. Sai dai ka yi wayo wurin jera abubuwan, minti 30 na farko ka sa abin da ba ya buƙatar cikar hol, maraba, ɗan kiɗa a hankali, abin sha, gabatar da iyaye, shigowarku kai da amarya ta zo bayan nan. In akwai lokacin ibada da zai faɗo a tsakiyar taron ka ware masa gurbinsa a takarda tun yanzu, kar ka bari sai hol ya dare biyu ana tsakiyar jawabi. Mutum biyar zuwa goma da ka san in babu su ba za a iya farawa ba, waɗannan ba kati za ka dogara da shi ba, waya za ka yi musu da bakinka ana jibi, in da hali ka tura mota.

Na san za a ce min ai mu ba sarakuna ba ne, amma ina son misalin nan. Ranar 29 ga Afrilu 2011 da Yarima William na Ingila ya auri Kate Middleton, tun kafin ranar aka fitar da jadawalin ga duniya, baƙi wajen 1,900, za a fara ƙarfe 11 a cocin Westminster, amarya kuma za ta bar otal ɗinta ƙarfe 10:51. Ba 10:50 ba, 10:51. Wannan mintin ɗayan shi ke gaya maka cewa wani ya bi hanyar da agogo a hannu ya auna. Su an rufe musu titi kai ba za a rufe maka ba, amma bin hanya a gwada ana saura sati, a irin ranar kuma a irin lokacin, wannan bai fi ƙarfinka ba.

TAMBAYA TA 3

Salam Anti, ɗiyata ce za ta yi aure, muna sa ran mutum 300. Mai abincin tace zata kawo komai ƙarfe 12 na rana ta ajiye saboda tana da wani aikin, mu kuma sai wajen 6 za a ci. Nace mata anya, tace haka take yi kullum. Sannan tebur ɗaya tace za a jera kowa ya zo ya ɗiba.
Daga uwar amarya

Hajiya Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya. Anyar nan taki tana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya a cikin ƙa'idojinta na kiyaye abinci cewa ta yi kar dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan a zafin ɗaki, ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, dan tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Hukumomin abinci na Amurka ma sun ce in zafin gari ya haura digiri 32 awa ɗaya ce. Daga 12 zuwa 6 awa shida kenan. Kuma abin tsoron, ba lallai ya yi wari ko ya canza ɗanɗano ba, sai cikin dare ki ji waya ana cewa wane yana asibiti. Dan haka ki tambaye ta kai tsaye, da me za ki riƙe zafinsa awa shida? In tana da tukwanen nan masu wuta a ƙasa da wanda zai tsaya a kansu, toh da sauƙi. In kuwa kula ce kawai za ta rufe ta tafi, ku sake magana, ko ta kawo 4:30 zuwa 5, ko ku matso da cin abincin, ko ki nemi wadda ranar taki ce ke kaɗai. Haka take yi kullum ba hujja ba ce, wanda cikinsa ya ɓaci bayan biki ba ya dawowa ya gaya wa mai abinci.

Maganar tebur ɗaya kuma lissafi ne kawai. In kowane mutum zai ci daƙiƙa 20 yana zubawa, kuma wannan ma na yi musu kara, 300 sau 20 daƙiƙa 6,000 ne, minti 100, awa ɗaya da minti 40 ana layi. Na farko ya ci ya wanke hannu ya tafi gida na ƙarshe bai riƙe faranti ba. A janye teburin daga jikin bango a bi ta gefe biyu, layi ya zama biyu, a yi tebur biyu haka ya zama huɗu, kin dawo minti 25. A riƙa tada mutane tebur-tebur, tsofaffi da masu ƙananan yara kuma a kai musu inda suke. Ki sa wata ta ware na ango da amarya tun farko ta ɓoye, sau nawa ina ganin amarya ta kwana da yunwa a bikin da aka ciyar da ɗaruruwa.

TAMBAYA TA 4

Anti ni ce babbar ƙawa. Amarya tana son hoto a waje da hasken yamma irin wanda take gani a Instagram, amma an sa hoton bayan an tashi daga liyafa. Kuma dangi kowa na son a ɗauke shi da su. Ya zanyi?
Daga ƙawar amarya

'Yata wannan hasken da take so na awa ɗayan ƙarshe ne kafin rana ta faɗi, lokacin da ta yi ƙasa haskenta ya yi laushi ya yi ja-ja, ba ya sa mutum runtse ido ba ya zana inuwa a ƙarƙashin ido irin na tsakar rana. Rana kuwa ba ta san ana biki ba. Ki buɗe manhajar yanayi a wayarki ko ki tambayi intanet ƙarfe nawa rana za ta faɗi a garin da za a yi bikin a wannan ranar, dan abin ya danganta da wuri da wata. A Landan misali a watan Yuni sai bayan 9 na dare take faɗuwa, a Disamba kuwa kafin 4 na yamma ta tafi. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya bambancin bai kai haka ba, amma su kuma duhu ke rufowa da sauri, rana na faɗuwa minti ashirin da 'yan kai an gama. In kin samu lokacin ki ja baya minti 45, ki rubuta a takarda cewa a nan za a sace ango da amarya minti 20. Lokacin da mutane suka duƙufa kan abinci ya fi, babu mai lura sun fita.

Hoton dangi shi ne ramin da lokaci ke faɗawa. Ɗaukar hoton daƙiƙa biyu ce, tattaro mutanen ne aikin, kawu ya fita amsa waya, yaro yana kuka, an tsaya sai wata ta ce bari ta gyara mayafi. Ki ƙiyasta minti 4 kowane rukuni, rukuni 20 ya zama minti 80, kinga an cinye liyafar. Ku zauna da amarya ku rubuta rukuni takwas zuwa goma, a fara da mai yawan mutane da tsofaffi a sallame su, a riƙa ragewa. Mai hoto bai san waye kawu waye maƙwabci ba, dan haka a samo mutum ɗaya daga dangin ango ɗaya daga na amarya, masu murya da rashin kunya kaɗan, su riƙa kiran suna suna jera rukuni na gaba tun ana ɗaukar na yanzu. Sauran jama'a a ɗauke su a teburinsu.

TAMBAYA TA 5

Anti mun gama tsara komai a takarda, toh wa zai riƙe? Ni amaryar nace zan riƙa dubawa a wayata. Sannan mutum takwas ne suka ce sai sunyi jawabi.
Daga wata amarya kuma

Ke dai ƙanwata ajiye wayar nan. Amaryar da ke duba agogo a fuskarta ake gani, kuma hoton yana nan har jikoki. Ki nemo mutum ɗaya, ba mahaifiyarki ba dan ita ma baƙi sun ishe ta, ba babbar ƙawa ba dan tana gefenki, wani ko wata da ba ya cikin hoto ba ya cikin rawa, wanda zai iya ce wa babba ranka ya daɗe lokaci ya yi ba tare da an ji haushi ba. Ki ba shi takardar da lambar kowa, direbobi, mai hoto, mai abinci, mai kiɗa, mai riƙe da makullin hol, ki kuma gaya wa duk waɗannan cewa ranar shi za su kira. Ki faɗa masa tun yanzu abu biyu da kika yarda a yanke in lokaci ya ƙure, dan kar a zo ana raɗa miki tambaya a kunne kina kan kujera. Kowane mai aiki a tura masa nasa lokacin kaɗai ta WhatsApp, direba ba ruwansa da lokacin yanka kek, in ka ba mutum shafi uku ba zai karanta ko ɗaya ba. A buga kwafi uku a takarda saboda caji na ƙarewa.

Ban manta wani biki da na je ba, komai an tsara shi har da minti, amarya ta shirya tun kafin lokaci, sai aka nemi takalmin ango aka rasa, ashe yana but ɗin motar da aka aika ɗauko baƙi daga tasha. Minti 50 muna zaune. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni sai na ce a ƙara layi ɗaya a gefen takardar, kowane kaya a wace mota yake kuma a hannun wa.

Jawabi kuma, wani Bature ɗan Ingila mai suna Northcote Parkinson ya rubuta a 1955 cewa aiki yana buɗewa ne ya cike duk lokacin da aka ba shi, ni kuma na ce mai jawabin biki har wanda ba a ba shi ba yana cikewa. Mutum takwas, kowa minti 5 in an yi sa'a, minti 40, ga tasowa daga kujera da gyaran makirfo da gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, awa guda ta tafi abinci na hucewa. Ki zaɓi uku, ɗaya daga kowane gida sai ɗaya na abokai, ki ce musu minti uku-uku, wato kamar shafi ɗaya in an rubuta. Sauran biyar ɗin kar ki ce musu a'a da bakinki, ki bar wa iyaye su yi wannan, ko a ba su wani abin girmamawar, wannan ya yi addu'ar buɗewa wancan ta rufewa, wata ta miƙa kyauta. Mai gabatarwa kuma a gaya masa makirfo ba ya barin hannunsa ga wanda sunansa ba ya takarda, ko da ya ce kalma biyu kawai zai faɗa.

Wadda ta tambaya kan ruwan sama da taron fili, da mai tambayar ko ya dace a yi komai a wuri ɗaya dan a huta da zirga-zirgar motoci, na ga saƙonku, shafi ne ya cika, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.